Firigon Tsallaken Iyaka

Shekarar da aka jawo wutar lantarki zuwa layinmu a Konni, fura nake sayarwa a ƙofar gida, sana'ar da na taras uwata tana yi a Tsarnawa tun ban san kaina ba. Furar tana tafiya, amma masu saye suka fara yi mini tambayar da ban saba ji ba: "Akwai ƙanƙara?" In na ce babu, sai su wuce gidan matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, wadda ke da ɗan firigo a ɗakinta. Direbobin manyan motoci da ke jiran takardu a bakin iyaka su ne rabin cinikina, kuma ina kallo suka soma sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Sai na sayar da awakina da ke ƙauye, na haɗa da kwanukan aurena, na damƙa wa wan mijina, wanda ke shiga Najeriya yana fita da kayan masarufi. Na ce ya nemo mini firigo na hannu, babba, wanda zai ci ruwa da yawa.

A kan amalanken jaki aka kawo shi, da hantsi, an lulluɓe shi da tabarma saboda rana. Dogo ne, irin na kwance, mai murfi a sama. Da amalanken ya zo daidai masallacin layinmu, tsofaffin da ke zaune a inuwa suka miƙe tsaye, sun ɗauka gawa ce za a wuce da ita. Da aka yaye tabarmar aka yi ta dariya, har da ni.

Da na ɗaga murfin, wani wari ya buge ni, irin wanda ake ji a gidan likita. Na wanke shi da omo, na goge da lemun tsami, na bar shi buɗe a rana. Warin ya ragu, amma bai taɓa tafiya duka ba. Na tambayi wan mijina inda ya samo shi, ya ce wajen wani dillalin tsofaffin kaya, kuma shi bai saba tambayar akuya sunan ubanta ba in farashi ya yi.

Azumin shekarar ya faɗo a ƙarshen damina, lokacin da zafi ke komowa da ƙarfi. Na ɗaura zoɓo da lamurje da ruwa a leda, na cika firigon har baki. Kafin a sha ruwa layi yakan kai bakin titi. Wutarmu daga tsallaken iyaka take zuwa, kuma in ta ɗauke takan yi kwanaki, ƙanƙarar kowa a garin ta narke ta zama ruwan ɗumi. Tawa ba ta narkewa. In na buɗe bayan kwana da kwanaki babu wuta, sai in taras da ledojin da ƙarfinsu kamar dutse. Labari ya bazu, har mata daga Malbaza suka riƙa zuwa suna sara, su binne a buhun ƙaiƙayi su hau mota. A wannan shekarar na yi wa ɗakina daɓen siminti.

Uwar mijina, wadda ke zaune tare da mu, ita kaɗai ba ta yi murna ba. Ta kwashe shimfiɗarta daga ɗakin da muka ajiye firigon ta koma rumfa. Kuma duk sadda za ta shiga ɗakin ɗaukar wani abu, sai ta yi sallama a bakin ƙofa, ta ɗan dakata, sannan ta shiga.

"Inna, wa kike yi wa sallama? Ba kowa ciki."

"Ɗiyata, sallama ba ta ɓata komi," in ji ta.

Akwai kuma wata ƙwanƙwasa da ake ji a firigon. Da rana tsaka take zuwa, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da gari ya yi tsit kowa ya fake a inuwa. A hankali, daga ciki, kamar mai jin kunyar tada mutane. Na kira mai gyaran firigo na bakin kasuwa, ya saurara, ya ce ƙanƙara ce ke tsagewa. Na yarda da shi. Sai dai ranar da na kwashe komai don in wanke, na bar shi wayam na fita shanya, daga tsakar gida na ji ta.

Wata Laraba, ranar kasuwar Konni, wata tsohuwa ta yi sallama. Siririya ce, zanenta baƙi ya koɗe, ƙafafunta sun yi furu-furu da tafiya. Akwai mata a tsakar gida suna jiran sari. Na tambaye ta me za a ba ta.

"Ba saye na zo ba. An ce kina da babban firigo. In gani nika so."

Na ɗauka mai son shiga sana'ar ce, na kai ta ɗakin. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa, ta zagaya ta gefen bango, ta shafa wata lotsawa da ke kusurwar murfin, da wani ƙarfen kwaɗo da aka liƙa da walda, wanda ni ban taɓa sa masa kwaɗo ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina kafaɗarta da shi.

"Shi ne," ta ce. "Ɗana ya kwanta cikin wanga."

Ba ta yi kuka ba, kuma muryarta ba ta tashi ba. Ta ce daga wani ƙauye take a bayan Illela tamu ta nan, ba ta Najeriya ba. Ɗanta yaron mota ne, motarsu ta faɗi a tsallaken iyaka, aka kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, can ya cika. Da yake ba a san danginsa ba, mai asibitin ya sa aka ajiye shi a firigon ana cigiya. Kafin saƙo ya same ta, ta sami na mota ta isa, an gaji da jira an rufe shi. Wanda ya san kabarin ba ya gari. Abin da aka iya nuna mata kawai shi ne inda ya kwanta. Daga baya asibitin ya rufe, aka sayar da kayansa, ita kuma ta bi sawu daga dillali zuwa dillali.

"Iya, irinsu da yawa ne fa," na ce. "Wataƙila kama ce."

"Ɗiyata, da hannuna na riƙe wagga kusurwa ranar da aka nuna mini shi."

Matan da ke tsakar gida sun ji komai. Da na fito, na ga ɗaya tana mayar da ledojin da ta riga ta zuba a buhu. Kafin magariba duk unguwa ta sani.

Maigida ya je wajen limamin layinmu, ya dawo da amsa cewa ƙarfe ba ya ɗaukar najasa in an wanke, ruwan kuma a leda yake, halas ne. Liman ya faɗi haka a gaban mutane, amma gidansa ma ba a sake aikowa sayen ƙanƙarata ba. Na so in ce tsohuwar taɓaɓɓiya ce, kuma da na faɗa wasu za su yarda. Sai matar ma'aikacin duwan ta zo yi mini jaje, ta ce ai tsohuwar ta je gidanta ita ma, ta je gidan duk mai firigo a garin. Ko'ina sai ta duba, ta girgiza kai, ta yi godiya ta fita. Wajena kaɗai ta zauna.

Ni kaina na kasa haɗiye ruwan. Na daina ɗaura zoɓo. Na koma yin manyan ƙanƙara a bokiti ina sayar wa masu lemun kwalba a tasha, su fasa su zuba a kula, tunda ba ta shiga bakin kowa. Ribar ba ta kai ta da ba, amma ta riƙe tukunya.

Laraba ta zagayo, tsohuwar ta dawo. Maigida ya ce in sallame ta daga ƙofa, ta riga ta kashe mana kasuwa. Uwarsa ta ce masa, "Bar ta. Ba wurinka ta zo ba." Daga nan kusan kowace Laraba sai ta zo a motar 'yan kasuwa. Takan zauna a gurbinta, ta ja carbi, wani lokaci in ji tana magana ƙasa-ƙasa, tana ba da labarin gona da na wanda ya yi aure da wanda ya haihu. In dama mata fura, ta sha rabi ta ajiye rabi a gefen firigon, in za ta tafi uwar mijina ta ɗauke ta ba yara. Ranar da take nan ban taɓa jin ƙwanƙwasar ba.

Haka muka ci shekara da wani abu. A tsakanin nan garin ya canza. Ruwan leda na kamfani ya shigo daga tsallake a motoci, sababbin firigo masu araha suka cika shaguna, har masu lemun tasha suka fara sayen nasu. Ƙanƙara ta zama abin da ake ba maƙwabci kyauta.

Da damina ta tsaya, wata Laraba tsohuwar ba ta zo ba. Na ce ko ruwa ne ya yanke hanya. Washegari na ɗaga murfi na tsoma hannu, na ji bokitan duk ruwa ne, ga wuta kuwa akwai. Mai gyara ya zo ya kwance bayan firigon, ya daɗe a tsugune yana kallo. Ya nuna mini wani siririn bututu da tsatsa ta huda, ramin ya yi baƙi, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.

"Hajiya, wagga huda ba ta bana ba ce. Babu iskar sanyi cikinai ko kaɗan, kuma ta daɗe da fita."

"To da me yake sanyi har shekaranjiya?"

Ya tattara kayan aikinsa, ya ce shi dai abin da ya gani ke nan. Ko ladan zuwansa bai tsaya karɓa ba.

Masu sayen tsohon ƙarfe suka ɗauke shi. Da abin da suka ba ni na kafa tebur da lema a bakin titi, na fara sayar da katin waya, don a lokacin salula ta shiga hannun kowa. Amma tsohuwar ta tsaya mini a rai. Bayan girbi na bar wa maigida teburin, na hau motar Illela, na yi ta tambaya a kasuwa har na sami mai amalanken da ya san ƙauyen.

Wata matashiya na taras tana sussuka a tsakar gidan, matar ɗan nata ce da ya rasu. Ta ce tsohuwar ta kwanta da damina, zazzaɓi na 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Na yi mata ta'aziyya. Da ta ji daga Konni nake, ta ajiye taɓaryar ta dube ni.

"Ke ce mai firigon? Ta bar miki saƙo, mun rasa wanda za mu aika. Ta ce a gaya miki kin yi ƙoƙari, ki kashe firigon hakanan, ta iske ɗanta."

Ban gaya mata abin da ya faru a gidana ba. Na taya ta sheƙe geron da ta sussuka, muka yi azahar tare, mai amalanken ya mayar da ni bakin hanya na jira mota.