Allon Baba a Tashar Kafanchan

Shekara arba'in da shida ke nan da rasuwar babana Bitrus, kuma har yau ina jin haushinsa kamar yadda nake kewarsa.

Shi ne mai raba aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, inda layuka suka haɗu. Masu juya layi huɗu ne a ƙarƙashinsa, kowa da wurinsa da mintinsa. Dokarsa ɗaya ce: kowane aiki sai an rubuta masa suna biyu a allo, mai yi da na ko-ta-kwana. In zazzaɓi ya kayar da na farko, na biyu ya tsaya kafin jirgi ya iso, don jirgi ba ya jiran kowa ya warke.

Yau ni ce ke koya wa ɗalibai yadda ake raba ayyuka tsakanin ƙwaƙwalen kwamfuta, ta yadda in ɗaya ta mutu wata za ta karɓa kafin lokaci ya ƙure. Da zai leƙo ajina, na san dariya zai yi, ya ce shi da guntun alli ya yi wannan. Abin da ba na faɗa wa ɗaliban shi ne, bai taɓa rubuta suna kusa da nasa ba. Kirsimeti, haƙar citta, har bikin ƙanwarsa, duk sai dai a kawo masa labari.

Wata Laraba da rana ƙanensa Dauda ya iso daga garinsu Kagoma, gumi sharkaf.

"Yaya, jikin Mama ya tsananta, tana kiran sunanka. Ka tashi mu je yanzu."

"Mutum biyu suna kwance, na ko-ta-kwana duka sun shiga aiki. In na tafi, wa zai duba su? Ka ce mata gobe da safe."

Ya je da safen, ya tarar ana haƙa kabari. Bai taɓa tayar da maganar ba, hutu kuma bai ɗauka ba, har ciwo ya kwantar da shi bayan shekara biyu.

Muna tsaye ana binne shi jirgin yamma ya yi kuka daga tasha, daidai mintinsa. Washegari ma haka, har mako ya ƙare. Mutanensa suna bin allon da ya bari, babu mai tsaya musu a kai. Abokan aikinsa suka ce wa mahaifiyata babu gadon da ya fi wannan, kuma ban ƙaryata su ba.

Ni dai abin da kukan jirgin ya faɗa mini daban ne. Ashe ranar Larabar nan, da ya bi Dauda, ba abin da zai faru.