Yadda Na Je Kebbe Binciken Mai Kallon Zanen Japan

Shekaruna saba'in da 'yan kai a duniya, kuma wannan tafiya a watan jiya na yi ta, bayan an gama yankan gero.

Mun tashi da asuba daga Tambuwal, ni da ƙanena, a cikin ƙaramar motar haya wadda direbanta ya rantse mutum biyu kaɗai zai sa a gaba, sa'an nan ya cika mu uku. Dalilin tafiyar kuwa babba ne. Wani malamin makaranta a Kebbe yana neman auren jikata, ita ma tana son sa, amma mahaifinta, wato ɗana na fari, ya ƙi a sa rana. An gaya masa cewa saurayin, da gemunsa da albashinsa, yakan zauna yana kallon zane mai motsi na mutanen Japan, irin wanda ake kunna wa yara. Ɗana ya ce mai wannan hali ba zai riƙe gida ba. Da yake bisa al'ada dattijo ake aikawa binciken halin mai neman aure, aka ɗora mini, aka kuma yarda abin da na faɗa shi ne hukunci.

Hanya ta sha ruwan damina, ramukanta sun yi zurfi, kuɗin mota kuma ya hau yadda ko direban yakan kau da kai in zai faɗe shi. Amma gonaki sun yi kyau, dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama. A wani ƙauye munka tsaya munka karya da masa mai zafi, ba ta dai kai ta Tambuwal ba.

Da hantsi munka sauka gidan wani tsohon abokina. Na fara da limamin unguwa, na bi maƙwabta, na tambayi mai shagon da saurayin ke sayayya. Kowa yabo yake: ba ya fashin jam'i, ba ya faɗa, yana kula da mahaifiyarsa. Zancen zanen kuwa kowa ya tabbatar, yana murmushi. Ni ban saba yanke hukunci a kan abin da idona bai gani ba, don haka bayan azahar na sa aka kira shi, na ce ya taho da abin kallon.

Ya zo ya durƙusa. Ya buɗe kwamfutarsa a zaure, ya ce wanda bai taɓa kallo ba, gwamma ya fara da gajeren labari mai natsuwa, domin akwai dogaye waɗanda aka rarraba kashi-kashi har ɗaruruwa. Ya zaɓo na wasu ƙauyuka biyu masu rigima a kan ruwan da ake ba shinkafa. Magana da Japananci ake yi, rubutun ƙasa da Turanci, shi kuma yana mayar mana da Hausa.

Da farko na ga abin mamaki. Idanunsu kamar faifai, hanci kuwa sai an nema. Gashin jarumin shuɗi ne fes, kamar an tsoma kansa a karofi. In mutum ya yi tsalle zai kai duka, yakan tsaya a sama ya ba da tarihin kakansa tukuna. Amma da na natsu sai na lura ba mai shiga ɗaki da takalmi, a ƙasa suke zama su ci abinci, yaro ba ya wuce babba sai ya rusuna. Rigimar ruwan kuwa ita ce tamu ta fadama, ba ragi. Ƙanena, wanda ya zo da niyyar gyangyaɗi, har ya goyi bayan ƙauyen gangare, yana cewa na tudu azzalumai ne.

Ana cikin haka, wani tsoho a cikin zanen, mai sasanta ƙauyukan biyu, ya ɗaga sanda zai nuna wanda ke da gaskiya, sai ladan ya kira la'asar. Saurayin bai jira ƙiftawar ido ba, ya rufe kwamfutar ya miƙe.

"Kai, yaro, bari ya sauke sandar mana," in ji ƙanena.

"Baba, in mun dawo za mu tarar da shi yana riƙe da ita."

Na dubi saurayin da kyau. Mu da munka fara yau, zuciyarmu na kan sandar. Shi da ya shekara yana kallo, ya tashi ya bar ta kamar ba kome ba. A nan bincikena ya ƙare. Sauran zaman da munka yi bayan salla, har motar ƙarshe ta tafi ta bar mu, wannan don tabbatarwa ne kawai. Munka kwana a Kebbe, aka yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka.

Kashegari munka iso Tambuwal, na tarar da ɗana a ƙofar gida yana jira. Na gaya masa yaron yana kallo, gaskiya ne, amma kallon bai mallake shi ba, kuma ni na amince. Sai ya ce a sa rana bayan Sallah.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, ba a gane mutum daga abin da yake sha'awa, sai daga yadda yake ajiye shi idan an kira shi ga wajibi. Mai son fara kallon zanen nan kuma, ya zaɓi gajere, ya nemi mai fassara mai haƙuri, kada ya fara in yana da motar da zai kama.

Wanda ke shakkar labarina ya tambayi ƙanena, da abokina mai masauki, da limamin unguwar, wanda ya leƙo zauren bayan la'asar don ya gaishe mu, bai fita ba sai da magariba ta gabato.