Kifin Fatik-da a Farantin Jikarsa

Ranar da iyayen saurayin Jumur suka zo ganin gida, ranar ce ubanta, maƙwabcina Fatik Naskar, ya faɗa baƙin ruwa. Ni ganau ne, ba jiyau ba, don rumfar shayina tana kallon magudanar da ke kwaso ƙazantar birni. Tun da hantsi ya ci ado: farin doti, zanen da maza ke ɗaurawa, sabo fil, riga ta sha guga, har da man gashi, mutumin da gashin kansa ba zai cika cokali ba. Yana tsaye yana jiran baƙi sai ya hango ƙofar gorar da ke tare ruwa ta karkace, ruwan birni na kwarara cikin tafkin kifi ba ƙaƙƙautawa. Ya naɗe doti ya ce yanzu zai dawo. Ya taka gora, gora ta ce ba da ni ba. Daidai lokacin da ya ɗago baƙi ƙirin, da kainuwa a ka kamar an yi masa naɗi, sai ga tasi ta tsaya.

Na ƙwala masa kira da sunan girmamawar da muka saba, "Fatik-da, gaishe su daga nan, kada ka ɓata musu takalma!"

Ya haɗa tafukan hannu ya gaishe su, ruwa na ɗiga ta gwiwar hannunsa. Uwar yaron, Suleka Debi, ta kai bakin sarinta hanci, kuma ba ta sauke ba har suka tafi. An yi auren dai, tunda yaran sun riga sun daidaita tun a kwaleji. Amma daga ranar, ko ruwa matar nan ba ta taɓa sha a gidan Fatik-da ba.

Aikinsa ke nan tun yana yaro, gadon ubansa ne. Duk abin da birnin Kalkata ta wanke, ta zubar, ta tsuguna ta yi, nan gabas yake gangaro mana ta wannan magudana. In an ƙyale shi, kogi zai kwashe shi ya kai teku da ɗoyinsa. Su Fatik-da ne ke tare shi a hanya. Ya ɗaga gora ya shigar da ɗan daidai cikin tafki, ya rufe, ya bar rana ta yi nata. Kafin ka ankara baƙin ya koma kore shar, kifi ya ci koren ya yi ƙiba, ragowar ruwan kuma a sake shi gonakin kabeji da shinkafa. In hannunsa ya zarce, da asuba sai ka ga kifaye sun taso sama suna haki kamar tsofaffi a kan bene. In ya yi rowa, su kwana da yunwa. Shi ya sa kullum yana tsugune a bakin ruwa yana kallon launinsa, wani lokaci har yana yi masa faɗa.

Matarsa Aloka ta rasu Jumur na rarrafe. Muka yi ta ba shi shawarar ya sake aure, ni har zawarawa na lissafa masa, ya ce wace ce za ta auri mutumin da karnuka ke gane shi ta wari. Ƙarya yake, ba ya so ne kawai. Sai ya riƙa tafiya aiki da yarinyar, ya zaunar da ita cikin babbar tukunyar dalma ta kifi, ya kafa mata lema a bakin tafki. Shi yake mata kitso, irin tufkar da yake wa igiyar taru. Yarinya ta je makaranta kai kamar kwando, har sai da matata ta ji tausayi ta karɓi aikin.

Da Jumur ta haihu, mace, Fatik-da ya shiga tafki ya zaɓi wani kifin katla mai faɗin kai, ya kewaye masa lungu guda da raga. Ya ce na bikin shinkafar fari ne, ranar da za a fara sa wa jaririya abinci a baki. A al'adarsu dole a ɗora kan kifi a farantin, kuma ɗan'uwan uwa ne ke ba ta loma ta farko. Jumur ba ta da ɗan'uwa, don haka aikin ya faɗo kan kaka. Safe da yamma yana leƙa kifin nan.

Na ce, "Fatik-da, ka sa shi a makaranta mana, ko ya fi ni karatu."

Ya ce, "Ai ko yanzu ya fi ka, Jabbar. Shi ya san lokacin da ake rufe baki."

Ana jibi biki sai surukinsa Tapan, mijin Jumur, ya bugo waya, yana ta inda-inda. Wai mahaifiyarsa ta riga ta yi odar kifin teku a kasuwa, kada Baba ya wahalar da kansa, ya zo kawai. Fatik-da ya zo rumfata ya zauna. Na zuba masa shayi, shayi ya huce. Na tsokane shi ta nan, na tsokane shi ta can, ko kallona bai yi ba. Tun da na san mutumin nan ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba, sai ranar.

Can ya ce, "Ba kifin take ƙi ba, Jabbar. Hannun da ya kiwata shi ne. Da wannan hannun kuma zan ba yarinyar abinci."

Na ce, "To mu kai shi. In sun kore mu, a kore mu da kifi, mu dawo mu cinye abinmu. Ni dai ba zan yi asara ba."

Ranar biki muka sa katla cikin tukunya da ransa, muka ɗora a keken kaya. Fatik-da na tuƙi, ni ina zaune a baya ina bugun ruwan da tafin hannu, fat fat fat, don in ka daina kifin zai shaƙe kafin a kai. Duk hanya yana waiwayowa. "Kada ka tsaya! Surutu kake ko bugu?" Hannuna ya yi jawur, ruwa ya jiƙe mini riga, masu mota suna mana oda kamar mun ci musu bashi.

Da muka isa gindin benen su Tapan, ya ɗaga kai ya dubi tagogi. Ya ce, "Jabbar, mu juya. Kada in ɓata wa yarinya ranarta."

Bai rufe baki ba Jumur ta sauko da jaririya a kafaɗa, an sa mata ɗan jan sari da hular furanni. Bayanta ga Suleka Debi, tana ganin tukunya ta tsaya a matakala.

Ta ce, "Beyai," haka suke kiran uban suruka, "ai mun ce kada ka sha wahala. Jaririya ce fa, cikinta ɗanye ne. Kowa ya san abin da kifin nan yake ci."

Fatik-da ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina ta bugun ruwa, don ba wanda ya ce in daina.

Jumur ta ce wa surukarta, "Ma, ki yi haƙuri." Muryarta a ƙasa take. "Ni da wannan kifin aka yaye ni. Har na shiga kwaleji Baba ne yake cire mini ƙaya da yatsunsa, shi ya ci wutsiya. Nonon da yarinyar nan take sha, daga tafkin nan ya fito. In akwai cuta, ta riga ta sha." Ta miƙa wa ubanta jaririyar, ta naɗe sarinta na biki, ta kama kunnen tukunya ɗaya. Tapan da ya biyo su ya dubi uwarsa, ya dubi matarsa, ya kama ɗaya kunnen. Yaron kirki ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Aka soya kan da kurkum aka ɗora a tsakiyar faranti. Fatik-da ya wanke hannu har na ce zai goge zanen tafinsa. Ya zaunar da jikarsa a cinya, ya ɗan lasa mata kunun shinkafa da madara, sannan ya murje ɗan naman kifi ya taɓa mata a leɓe. Ta yatsina fuska, ta tsotsa, ta cafke yatsansa da dasashi ta ƙi saki. Mata suka ɗauki guɗa. Shi kuwa hawaye har gemu, na ce masa ya yi a hankali, gishirin miyar ya isa.

Da aka zauna cin abinci, na ga Suleka Debi ta ɗauki ɗan yanki don kada a ce ta ƙi. Ta sake ɗauka. Da ta lura idona na kanta, sai ta gyara zama ta ce, "Ba laifi, Beyai, yana da daɗi. Amma har yanzu ina mamakin mutum ya ɗauko abin da ƙazantar gari ta raina, ya kawo gidan mutane."

Fatik-da ya share ido da gefen dotinsa, ya gyara wa jikarsa hula.

Ya ce, "Beyan," haka suke kiran uwar suruki, "tun kina amarya kullum safiya kike aiko mini da naki ta magudana, ban taɓa cewa ya yi yawa ba. Mu a wajenmu ba a mayar da kwano wayam."