Da Diddige Ake Rufe Ramin Shuka

Shekara uku na yi a lakol, makarantar boko, aka ce kaina ya yi tauri, ubana ya ce dama gona na jirana. Faransancin da na fito da shi bai isa ya zaunar da ni buro, wato ofis, ba, amma ya isa ya hau da ni motar silima. Bayan samun mulkin kai da kaɗan ke nan, lokacin da kowa ke zaton talauci ya bi Nasara ya tafi.

Mu uku ne a motar: direba, mai juya na'ura, sai ni tafinta. Mu tashi Gazawa mu sauka Cadawa, wani zubin har Cadakori. Bayan magariba a ɗaure farin ƙyalle jikin bango, a tada inji, a miƙo mini ƙahon magana. Da farko a sa silimar wayar da kai, sannan ta kaboyin Amurka, wadda ita ke tara jama'a. Abin da aka faɗa da Faransanci ni ke mayar da shi Hausa. Inda ban gane ba, in ƙera nawa. Ba wanda ya taɓa kama ni.

Kashegari a kasuwa sai a kewaye ni. "Malam tafinta, ta jiya fa?" Ni kuwa ban iya rufa-rufa ba. In ce ta jiya ƙarya ce, ba dokin da zai wuni yana gudu ba a shayar da shi ba. In ce ta shekaranjiya ta yi, don mugun ya mutu yana jin tsoro, yadda mutane ke mutuwa. Har Fulani kan tsaya su ji, su gyaɗa kai in na zagi yadda ake koro shanu a guje kamar an sato su.

A Cadawa akwai wani Ba'amurke da ya zo aikin rijiyoyi, yana jin Hausa tsinto-tsinto. Ya saurare ni rannan, ya ce a ƙasarsu wannan sana'a ce. Wai mutum ya kalli silima, ya rubuta a jarida ta yi ko ba ta yi ba, da haka yake ci da iyalinsa har ya tsufa, masu yin silima na shakkarsa. Na yi dariya na ce ƙasarku ba ta da aikin yi. Amma maganar ta zauna mini. Na fara tafiya kamar wani alƙali.

Ana gab da faɗuwar damina aka kawo sabuwar silima kan shukar gyaɗa. Wani babba daga buro ya biyo mu Cadawa don ya ga yadda za a karɓe ta. Ya zauna kan kujera a gaba, ya ce mini, "Abin da aka faɗa shi za ka faɗa. Ban da ƙari."

Aka kunna. Ga wani ƙato da takalmi sau-ciki a tsakiyar gona, ya riƙe sungumi ta tsakiya kamar tabarya. Ya sara rami, ya ajiye sungumin, ya duƙa ya jefa iri, sannan ya sa tafin hannu ya rufe ramin, har da lallaɓawa. Muryar ciki ta ce ku yi koyi da wannan manomi. Na faɗa yadda aka faɗa. Sai guna-guni ya tashi. A wajenmu mai sungumi gaba yake tafiya yana sara, na baya ya jefa iri ya take da diddige, ba ya ko duƙawa. Kowa ya san haka tun kafin ya san sunan kakansa.

Wani tsoho da ya san ubana ya miƙe bisa sandarsa. "Kai ɗana, tsaya. Kai ɗan manomi ne. Wanga mutum, mi ka gani gare shi?"

Direba ya taka mini ƙafa. Na ji shi sarai. Na san kuma kujerar da ke gabana. Amma mutum ɗari sun zuba mini ido, mutanen da ke tambayata kowace kasuwa, ga ƙaho a bakina.

Na ce, "Baba, wannan bai taɓa shuka ba. Binne ɗan kyanwa yake yi. In kuka bi shi, kaka za ta iske ku a kunya ta uku."

Dariyar da aka yi har ta danne ƙarar inji. Tsohon ya koma ya zauna yana cewa, "Madalla, ashe uwarka ba ta yi asara ba." Babban bai juyo ba. Ya bari har aka gama ta kaboyi, na yi tafintarta tas.

Da safe ina naɗe ƙyalle ya kira ni.

"Wa ya tambaye ka ra'ayi?"

"Ranka ya daɗe, tsohon nan."

"To, je ka ya ba ka aiki."

Shi ke nan. Direba ya miƙo mini tabarmata da butata ta taga, ya ce, "Ni dai na taka ka, Malam." Motar ta yi yamma, ni na kama hanyar garinmu Gazawa da ƙafa. Ba'amurken ya gan ni a bakin gari, ya ce shi bai ce in faɗa ta ƙaho ba. Na ce ai ba ka ce kar in faɗa ba.

Na isa gida na iske ubana. Ya ɗauko sungumi ya jingina bakin ɗakina. Bayan kwana huɗu aka yi ruwa.

Na ji an ɗauki wani tafinta, ɗan lakol na gaske, wanda ba ya ƙari. Sun zaga da silimar gyaɗar nan har ta tsufa, ba wanda ya rufe rami da hannu, ba kuma wanda ya sake tambayar tafinta abin da ya gani. Shi sabon tafintan ya kai har buro. Ni ina nan, shekara ashirin da wani abu ke nan, ina sara ina takewa. Wani lokaci in na kai ƙarshen kunya na miƙe baya, nakan tuna mutanen can da ke tsufa a jarida, sai in tofa wa hannuna yawu in juyo.