Lawwali Mai Gyaran Keke da Hoton Alasan

Lawwali mutumin Tsauni ne, amma a Matameye ya yi rayuwarsa, kuma da gyaran keke aka fara saninsa. Ya shigo garin yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, lokacin da cinikin gyaɗa ya fara ba talakawa halin sayen keke, ya kafa rumfa a bakin kasuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana, ga ɗan taurin kai. In ya gama ɗaure ƙafar keke, ba ya son kowa ya sake taɓa ta a gabansa. Matarsa ɗaya, Rahamatu, da 'ya'ya mata uku.

A shekarar 1952 aka yi wa wani akawu ɗan Dahomai canjin wurin aiki. Shekara huɗu Lawwali yana kula masa da kekensa, don haka ranar da zai tashi ya biyo ta rumfa riƙe da wani baƙin akwatin ɗaukar hoto da bai fi tubali girma ba, ya ce kyauta ce. Ya nuna masa inda ake leƙawa ta sama, da inda ake dannawa, da yadda ake murɗa fim bayan kowane ɗauka. Iyakar karatun da Lawwali ya samu ke nan, a tsaye, mota tana jiran malamin.

Fim ɗaya hoto takwas yake ci. In ya cika, sai Lawwali ya ba wani direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya kai Damagaram wurin Malam Iliyasu mai wankin hoto, bayan mako biyu ko uku a dawo masa da hotunan cikin ambulan. Ranar da suka iso, rumfar gyaran keke cika take yi. Duk wanda ya ga kansa a takarda sai ya rufe baki yana dariya, ana miƙa hoton hannu zuwa hannu, ana cewa, "Kai, Lawwali, Allah ya ba ka!" Bai mai da abin sana'a ba, sha'awa ce kawai. Shekara huɗu yana ɗauka, ba wanda ya taɓa ce masa ga aibi, shi ma ya yarda babu.

Kusa da rumfarsa wata dattijuwa take zama, Batulu, mai sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli. Mijinta ya daɗe da rasuwa, cikin 'ya'yan da ta haifa kuma namiji ɗaya ne ya rayu, Alasan, magidanci a jiki ko da yake bai yi aure ba tukuna. A 1956 aka ɗebi samari aikin soja, sunansa ya fito. Ranar tafiya Batulu ta zo da kanta ta ce, "Lawwali, ka zo da akwatin nan naka ka ɗaukar mini Alasan, in riƙa ganinsa kafin ya dawo."

"An gama, Inna," in ji shi.

Amma wani keke ya riƙe shi, bai isa tasha ba sai da rana ta take tsaka, ana ta kiran sunaye. Ya tsai da Alasan a gefen kamyon, da malfarsa a ka, ya ja da baya sosai don motar ma ta shigo, ya danna sau ɗaya. Alasan ya hau, suka tafi.

Bayan mako uku ambulan ya iso. Lawwali ya kira Batulu a gaban mutane ya miƙa mata. Ta goge mai daga hannunta a gefen zane, ta karɓa, ta fita daga inuwar rumfa zuwa haske. Ta daɗe tana dubawa.

"Lawwali, ina fuskar?"

"Ga ta nan, Inna, a ƙarƙashin malfa."

"Malfa na gan ta. Na ga rigar da na sa aka rina masa. Na ga mota, har rubutun jikinta ya fito. Amma wurin fuska baƙi ne kawai. Ni na haife shi, in aka haɗa wannan da na samari goma ba zan iya tsamo shi ba."

Wani daga cikin mazauna rumfar ya ce, "Haba Inna, ai ya yi kyau."

Ba ta ko dube shi ba. Ta ce wa Lawwali, "Ba raina alherinka na yi ba, ɗana. Ka bar aikinka ka bi ni tasha cikin rana. Amma in na ce ya yi, gobe wata uwar za ta zo, ka yi mata irin wannan." Ta ajiye hoton a kan akwatin kayan aikinsa ta koma wurin tallarta.

Abin ya yi wa Lawwali zafi ƙwarai, musamman da yake a gaban jama'a ne. Kwana uku gaisuwarsa da ita ba ta wuce ta fatar baki ba. Da ya kai ƙara wurin Rahamatu, yana cewa tsohuwa ce idonta ya yi rauni, sai matar, tana tankaɗe, ta ce, "Malam, wanda ka ɗauki yaran nan da salla ma, ƙaramar ba ta fito ba. Na gani, na ƙi faɗa don kada ranka ya ɓaci."

Wannan ta fi ta Batulu shiga jikinsa. Washegari ya zazzage hotunansa duka a kan tabarma, sama da ɗari, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ga akwai abin da ba daidai ba, amma bai san sunansa ba, balle maganinsa. Ranar Asabar ya rufe rumfa, ya ƙulle su a tsumma, ya hau kamyon gyaɗa zuwa Damagaram.

Bai taɓa ganin Malam Iliyasu ido da ido ba. Ya tarar da dattijo siriri, yatsunsa duk sun rine da ruwan wankin hoto, wanda ya koyi aikin a Kano tun yana saurayi. Bayan gaisuwa Lawwali ya kwance tsumman, ya ce, "Malam, ni ne na Matameye. So nake ka duba mini, ka gaya mini gaskiya."

Dattijon ya kasa hotunan kashi biyu. Kashi ɗaya tuli guda, ɗayan bai fi bakwai ba. Da ƙaramin ya fara. Ya ɗauko wani na masu dakon buhunan gyaɗa da sassafe, ya ce, "Wannan ko ni na ɗauka zan yi murna. Dubi gumin goshin mutumin nan. Ka san abin da ya sa ya yi kyau?"

"Ban sani ba."

"Safiya ce, rana tana bayanka, kuma ba su san kana ɗauka ba. Ido kana da shi. Sauran kuwa, kusan duk ciwo ɗaya ke damunsu."

Sai ya jawo na Alasan. Ya nuna masa yadda ranar tsaka take zubo inuwar malfa a kan fuska. Ya ce ya riƙa ɗaukar mutane da hantsi ko bayan la'asar, in kuwa dole ce ta sa da rana, ya kai su inuwar bango, ya sa a cire malfa. Ya ce yana tsayawa nesa da mutane kamar mai jin tsoronsu, ya matso taku uku. Ya ce ya riƙa manna akwatin a cikinsa, ya riƙe numfashi kafin ya danna, don rawar hannu ce take sa hoto ya yi hazo. Kuma kafin ya danna ya tambayi kansa wa ya zo ɗauka, mutum ko mota.

Lawwali ya saurara. Da aka gama ya ce, "Malam, shekara huɗu kana wanke waɗannan. Me ya hana ka aiko mini da magana?"

"Ba ka tambaya ba. Wanki aka aiko ni in yi. Na taɓa yi wa wani gyara bai nema ba, har yau ba ya gaishe ni." Ya sake duban hoton Alasan, wanda Lawwali ya riga ya ba shi labarinsa. "Amma da na san wannan na mai tafiya soja ne, da tun kafin nan na yi karambanin."

Da ya koma Matameye, kafin ya buɗe rumfa sai da ya je ya durƙusa gaban Batulu ya ce, "Inna, gaskiyarki ce. Laifina ne, ba na akwatin ba. In Alasan ya zo hutu zan sake ɗaukarsa." Ta ce Allah ya kai mu, ta ƙulla masa ƙuliƙuli ya kai wa yara.

Daga nan hannunsa ya canja. Ya rage yawan ɗauka, fim ɗaya yakan yi wata biyu a akwatin. Yakan mai da mutum ya ce ya dawo bayan la'asar, ko da mai garin Kurni ne. Duk ambulan da ya dawo daga Damagaram kuma, akwai saƙon baki da direba yake kawowa: na uku ya yi, na biyar ka yanke masa gwiwar hannu.

Alasan bai zo hutu ba. Da damina ta 1957 wani gardi, dogarin gwamnati, ya kawo takarda daga hukuma, aka karanta wa Batulu cewa zazzaɓi ya kashe shi a wani barikin Aljeriya, an binne shi a can. Lawwali ya zauna zaman makoki kwana ukun nan duka, bai iya haɗa ido da ita ba. Bayan sadakar arba'in ta dawo kasuwa, ta rame, ta tsaya a bakin rumfarsa.

"Hoton nan yana nan?"

Yana nan. Ya ciro shi daga cikin gwangwanin da yake ajiye faci, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya fara cewa, "Inna, da na zo da wuri ranar nan..." Ta ɗaga masa hannu.

"Na ce ba zan gane shi ba. Ban faɗi daidai duka ba. Dubi kafaɗar hagun nan da ta sauka, tun da ya faɗo daga jaki yana ƙarami haka yake tsayuwa. Wannan kam ka kamo shi." Ta naɗe hoton a bakin mayafinta ta tafi. Ba su sake tayar da maganar ba har ta rasu.

Shekara ta zagayo, aka kawo sabon malami lakwal, wato makarantar bokon garin, ana ce masa Mushe Isufu yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, ɗan birnin Damagaram mai ji da karatunsa, yana da akwatin hoto da ya fi na Lawwali tsada nesa ba kusa ba. Wata Jumma'a ya kawo keke gyara, ya fito da hotunan da ya ɗauki 'yan ajinsa, ya ce, "Malam Lawwali, an ce kai ma kana taɓawa. Yaya ka gani?"

Lawwali ya duba. Yara arba'in a jere sun fuskanci rana, kowa ya runtse ido, ginin lakwal kuma ya karkace kamar zai zube. Ya dubi farar rigar malamin da alƙalamin da ke aljihunsa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Sun yi kyau, Mushe."

Har ya gama gyaran keken, har malamin ya tafi, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Da safe ya wanke hannu, ya sa riga mai tsabta, ya tafi lakwal ya jira aka tashi tara. Ya ja malamin gefe inda ba mai ji, ya ce, "Mushe, jiya ka tambaye ni, ban ba ka amsar gaskiya ba. In ka yarda zan ba ka yanzu." Ya fara da guda ɗaya mai kyau, na wata yarinya tana rubutu a allo ba ta san ana ɗauka ba. Sannan ya faɗi sauran, a hankali, yana nunawa da yatsa.

Fuskar Mushe Isufu ta ɗaure. Ya ce, "Na karanta littafi guda a kan wannan aikin da Faransanci."

"Ni ban karanta ba," in ji Lawwali. "Gaya mini aka yi, kuma ban ji daɗi ba ranar da aka gaya mini."

Malamin ya tattara hotunansa ya koma aji ba sallama. Daga ranar ya riƙa kai kekensa wani wurin, in sun haɗu a hanya sai ɗaga hannu. Lawwali bai bi shi da ban haƙuri ba, bai kuma yi maganar da kowa ba. Ƙarshen shekarar karatu aka mai da malamin Gure.

Ana cikin kakar 1959 sai ga ambulan ta gidan waya da sunan Lawwali. Babu wasiƙa a ciki, hoto ne guda ɗaya: wani tsoho mai saƙar igiya zaune a inuwar bango, kowane layi na fuskarsa ya fito, idonsa a kan aikinsa. A baya an rubuta kalmomi kaɗan da boko. Lawwali ya kai wa wani akawun ma'aunin gyaɗa ya karanta masa. An rubuta: "Wannan fa? Isufu."

Ya koma rumfa ya zauna da hoton har aka kira azahar. Bayan salla ya sake komawa wurin akawun da takarda da ambulan, ya ce ya rubuta masa amsa: hoton ya yi, ya fi duk wanda shi Lawwali ya taɓa ɗauka, sai dai akwai wata tsintsiya a kusurwar dama da ya kamata a kawar kafin a danna. Ya ce a ƙara da cewa ya aiko da wasu.