Faifan da Na Bari a Zaure

Ɗana na fari yana da tebur a zauren gidanmu, a ƙauyenmu can bayan Sabuwa, inda yake tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a wayoyinsu. Tsohuwar kwamfuta ce gare shi, da faifan ajiya guda biyu da ya sayo na hannu a Funtuwa. Ƙarafa ne masu nauyi, kowane bai wuce tafin hannu ba, ɗaya da jan tambari, ɗaya duk ya koɗe. Ya ɗaure su a jikin teburin da kusoshi saboda masu ɗan hali.

Ranar da ya kawo su, na kai mashi fura na tarar yana gwada su. Ya zuba fim ɗaya a kowane, ya zauna ya ga wanda zai riga gamawa. Mai jan tambarin ya gama tun ban aje ƙwarya ba. Ɗayan kuwa yana ta ƙyas-ƙyas kamar ɓera a rumbu.

"Inna, kin ga wannan? Doki ne. Wancan kuwa jakin Baba, sai ya ga dama."

"To, mai da masu abinsu mana."

"A'a, bar shi. Ai jaki ma yana kai kaya."

Ban tambayi kayan da zai ɗora mashi ba. Ni dai abin da na sani, muryar mahaifinsu tana cikin ɗayansu. Kafin rasuwarsa yaron ya naɗe shi yana ba da labarin gonakin gidansu, yana dariya. Duk Juma'a bayan la'asar sai in ce a kunna mani.

Ranar da aka ce 'yan bindiga sun shigo ƙauyen da ke gabanmu, yaron yana Funtuwa sayen kaya. Ya bugo waya, ya ce mu bi motar maƙwabta, in kuma kwance faifan da Baba ke ciki. Kafin in ce wanne, layi ya yanke. Na tsaya a zaure da wuƙar yankan alayyafo, direba yana ta danna ƙaho. Ɗaya kawai zan iya kwancewa. Na ce a raina, ɗa ba zai sa ubansa ba sai a mafi kyau. Na kwance mai jan tambarin.

A Ƙanƙara, gidan ƙanwata, da yaron ya iso na warware zanen da na ƙunshe faifan na miƙa mashi. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Inna, wannan na kasuwa ne, mutane ba su iya jira. Baba yana cikin ɗayan. Na ga mu ba sauri muke ba."

Waɗanda suka leƙa ƙauyen daga baya sun ce zauren babu ko rufi. Ban ƙara tambaya ba, shi ma bai ƙara tada zancen ba. Idan na gama sallar asuba nakan zauna in maido da muryar a kaina. Da tana zuwa sarai. Yanzu kalmomin na zuwa, amma da muryata nake jin su.