Takardun Motar Surukin Yaya

Ana sallame sallar asuba muka fice daga gida a Daura, mu uku: ni, da yayana, da wani bakanike maƙwabcinmu. Garin Babban Mutum muka nufa, za mu ga wata mota ta hannu da Yaya ya ƙwallafa rai a kanta. Shanun huɗarsa guda biyu ya sayar bayan ɗaukewar ruwa, wai zai riƙa jigilar fasinja ranakun kasuwa. Kuɗin suna cikin aljihun 'yar cikinsa, bini-bini sai ya dafa. Idan suka salwanta, babu shanu, babu mota, ga iyali.

Ni ba a gayyace ni ba, cusa kaina na yi. Sati guda ina yi masa naci cewa kafin a biya a nemi takardun duba lafiyar motar, waɗanda ake sabuntawa duk shekara, a jera su a ga abin da ya taɓa samunta. Amsarsa ɗaya ce kullum: mai motar kawun matarsa ne, kuma ba a tambayar suruki takarda. Wai ni boko ne ya cire min kunya.

Sammakon dabarar bakanike ce. Ya ce da sanyin safiya ake sauraron inji, kafin a ɗumama shi, lokacin ne ba ya iya ɓoye ciwonsa. Sai dai bai yi shawara da 'yan tasha ba. Muka shiga mota muka zauna, ɗan kamasho yana ta rantsuwa saura mutum ɗaya, har rana ta fito ta same mu a wurin. Da mutum ɗayan ya iso, ashe shi da buhun gishiri uku ne da akuya. Kuɗin mota kuma an ƙara, direba ya ɗora laifin a kan fetur, har mai ƙosai a Baure da ta ba mu ƙanana kamar gurjiya da fetur ɗin ta fake.

Hanyar dai ba laifi, in ban da wasu ramuka da direbanmu ya san su sarai amma bai kauce wa ko ɗaya ba. Kaka ta yi, dammunan gero jibge a gonaki, amalanke sai wucewa suke da kaya. Na lura duk amalanken da muka wuce sai Yaya ya bi shanun da kallo, sannan ya kawar da kai ya sake dafa aljihu. Ya ba ni tausayi, amma haushinsa da nake ji ya fi yawa.

Sai da hantsi ya dubi ludayi muka isa. Ga mota nan a ƙofar gida, fara tas, an wanke ta har tayoyi, 'ya'yan gidan ma sun zaga gari da ita don a karrama baƙi. Bakanike ya ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji zafi, ya dube ni, na dube shi. Sammakonmu ya tashi a banza.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Yaya. Mutumin da a kasuwar shanu sai ya buɗe bakin bijimi ya ƙirga haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, yau tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban dattijo mai motar ya sunkuyar da kai. Duk abin da aka faɗa sai ya ce, “Madalla, Baba.” Bakanike ma da aka kawo masa fura mai sanyi ya sha, sai kunyar ta kama shi. Ya tayar da inji, ya saurara kaɗan, ya ce ba laifi. Na ga hannun Yaya yana lallaɓawa wajen aljihu, na kuwa san da zarar dattijo ya ce ya sallama, magana ta ƙare.

Sai na ce bari in shiga ciki in gaida Inna, matar gidan. Bayan mun gaisa na ce, “Inna, takardun motar nan suna wurinki kuwa?”

“Suna cikin akwati tare da na gona,” in ji ta. “Shi Malam ai bai taɓa kwance ledar ba.”

Ta ɗauko min ledar, na sa tabarau, na baje takardun a tabarma shekara bi shekara. Huɗu na farko sun ce motar shuɗiya ce. Daga nan shekara biyu cur babu takarda ko ɗaya. Sai uku na baya-bayan nan, su kuma suka ce fara. Na tambayi Inna ina ake kai motar dubawa, ta ce ba a kai ta ko'ina, wani ake ba wa ya je ya kawo takardar.

Na fito da leda a hannu. Hararar da Yaya ya watso min, har yau ina jin ta. Na durƙusa na ce, “Baba, a gafarce ni. Shekara biyun nan da babu takarda, ina motar take?”

Dattijo ya ce wallahi bai sani ba, a hannun amininsa ya saye ta shekara uku da suka wuce. “Amininki ya ba ki abu, 'yata, ki tsaya bincike?” Na juya na kalli Yaya, shi kuma ya kalli ƙasa. Can sai dattijon ya dubi bakanike ya ce, “Ɗana, duba ta da kyau, kada ka ji nauyina.”

Bakanike ya cire kujerar baya, ya yaye shimfiɗar ƙasa. Ga layin walda nan ya ratsa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Ya kankare fenti da makulli: gaba shuɗi, baya ja. Motoci biyu ne aka yanka aka haɗa. Ya ce a cika ta da mutane da buhuna, ta daki rami da gudu, ba ya ɗaukar alkawarin za ta fito a haɗe.

Dattijo ya dafa motar. Sannan ya ce, “Da ita nake kai jikokina makaranta.” Ya dubi Yaya ya ce ya cire hannunsa daga aljihu, mota ba ta sayarwa ba ce, kuma daga yau ba mai sake hawa.

A hanyar dawowa Yaya ya ƙura wa taga ido har muka wuce Baure. Da ya buɗe baki kuma cewa ya yi na kunyata shi gaban surukinsa. Na ce to, na kunyata ka, amma kuɗin shanunka suna jikinka. Ya juya min ƙeya har Daura.

Da la'asar muka iso gida, ƙafafuna sun kumbura, mayafina yana warin akuya. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, ba mu gamu da macuci ko ɗaya ba. Mutanen kirki ne kawai, kowa yana jin nauyin kowa, ana miƙa wa juna leda a ɗaure. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Ina cire takalmi Yaya ya tsaya a bakin zaure, bai ko kalle ni ba. Ya ce an yi masa maganar wata motar a cikin gari, jibi za a je gani. Har ya juya zai tafi, sai ya ƙara da cewa, “Ki taho da tabaranki.”